Leɓen Madigadi

A Punta Arenas iska ba ta sallama.
Tun asuba ta taso daga mashigin teku,
ta bugi ƙyauren garejinmu har sau uku,
sannan Yerko ya shigo da shuɗiyar Datsun ta ubansa,
ƙafarta ta baya tana ƙara
kamar an taka wutsiyar kyanwa.

Tayoyi masu faɗi ya sa mata.
Duk ramin da ta faɗa, leɓen madigadi sai ya ciji roba,
ga sawun haƙorin nan, zare-zare.

Ya ce, "Fresia, naɗe leɓen ya koma ciki.
Amma fentin..." Bai ƙarasa ba.
Na sani. Tsohon ne ya fesa shi da hannunsa
da ragowar gwangwani biyu na fentin jirginsa,
shekara guda kafin ya fita kamun ƙaguwa
teku ta riƙe shi.
Wannan shuɗin babu shi a kanti.

Na sa jak, na kwance noti huɗu, taya ta fita.
Na zura yatsa bayan leɓen:
laka ta shekara talatin, gishiri, yashi,
da wata tsakuwa da ta yi lamo,
wadda in na bar ta, za ta ɓullo ta waje kamar ƙurji.
Na ƙwaƙule, na wanke, na goge.

A nan na gan shi.
Ƙarƙashin leɓen, inda ido ba ya zuwa,
shatin babban yatsa ya bushe cikin fenti.
Mai gaggawa ne ya taɓa, ya ji ko ya sha iska.

Na kira Yerko. Ya durƙusa a kan siminti,
ya ɗora nasa yatsan a kai.
Na tsohon ya fi faɗi.
Na ce, "In na naɗe, ya shige ke nan, ba ka ƙara ganinsa."
Ya daɗe a durƙushe.
Ya ce, "Naɗe. Can ciki ruwa ba zai ci shi ba."

Babana Eliodoro na kusurwa da bargo a gwiwa,
hannunsa na rawa, ƙoƙon shayinsa na rawa,
bakin ne kawai bai yi ritaya ba:
"Ƙarfe mai mantuwa ne, 'yata,
fenti ne mai riƙo.
In da sanyi a jikinsa, ɓawon ƙwai ne."

Na kunna injin hura zafi.
Ba na tsayawa wuri ɗaya, ina yawo da shi,
ina gwadawa da bayan hannu,
sai ya ɗara goshin mai zazzaɓi,
bai kai na tukunya ba.
Na ɗaure sandar naɗi a cibiyar taya,
gargaren roba ya sumbaci leɓen.

Hagu, dama.
Hagu, dama, kamar lilo.
Kwatan juyi na ƙara wa sukuru, ban ƙara ba.
Zafi kuma. Hagu, dama.
Masu guduma da tuni sun wanke hannu,
sauri ya haifi nawa, fenti ya zube musu kamar amosanin kai.

Ƙas!

Numfashi uku suka tsaya.
Na haska tocila, na bi bakan nan kamu-kamu da farce.
Lafiya lau, sumul.
Ashe kwanon rufi ne iska ta ɗaga.
Babana ya yi dariya har shayi ya zuba a bargo.

Wajen la'asar leɓen ya kwanta,
ya rungume abin da aka ba shi ajiya.
Na shafa man hana tsatsa, na mai da taya,
Yerko ya hau bayanta ya yi tsalle sau biyar.
Shiru.

Saura ƙafa ɗaya.
Na ɗauki tsumma, na zagaya dama,
sai na ga ina wanke lakar a hankali
fiye da yadda aikin ke bukata.